Neman Sari Daga Mabera: Littafin Aiki

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Ni da ƙanwata mun ƙudura cewa kafin azumin bana sai mun sami dilan da zai riƙa ba mu kaya kai tsaye a farashin sari. Zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan, domin mata da yawa masu ciniki ta waya a garin nan na Sakkwato halinmu ɗaya da su.

Atamfa, leshi da mayafai muke sayarwa ta sitatus ɗin WhatsApp da Instagram, daga gida a Mabera. Ba mu da shago. Kayan da ke zuwa hannunmu sun riga sun bi ta hannu biyu ko uku: dila a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya sayar wa ɗan sari, ɗan sari ya kawo Babbar Kasuwa, mu kuma mu saya wurinsa ko wurin wata Hajiya mai guruf ɗin WhatsApp, kowa ya ɗora nasa. In an cire kuɗin data, da na ɗan kabu-kabun da zai kai saƙo Arkilla ko Runjin Sambo, da naira 50 da ake zarewa kan tiransifar dubu 10 zuwa sama, abin da ke saura a turmi ɗaya bai taka kara ya karya ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin kai saƙo ke hawa, dala kuma ta haura naira 1,500, ga shi mafi yawan atamfar da talaka ke ɗaurawa daga Sin ake shigo da ita. Ƙara wa kwastoma kuɗi ya kai maƙura. Abin da ya rage shi ne a rage hannayen da ke tsakani.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na je wurin Kawu a Babbar Kasuwa bayan la'asar. Ya daɗe yana saro atamfa daga Kano, tun kafin a haife ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Ɗiyata, mi kika so ga dila? Rangwame ko bashi?"

Na ce rangwame tukuna, bashi in Allah ya kai mu.

"To kin kama hanya. Duk wanda yat tahi Kwari shina biɗar bashi ran hwarko, ba a sake ɗaukar wayarshi."

A cewarsa, dila ba ya damuwa da yawan masu kallon sitatus ɗinki. Abin da yake son sani shi ne wa ya san ki, turmi nawa kike iya ɗagawa a wata, kuma in kaya sun fita yaushe kuɗi ke dawowa. Tambayar farko Kawu ya ɗauke mini ita, ya ce zai tsaya mini wurin Alhajin da yake mu'amala da shi. Sauran biyun ya ce ba wanda zai amsa mini su sai littafina.

Ya gindaya sharaɗi guda, kuma na ga gaskiyarsa: kada in sami kaya da sauƙi in zo in karya farashi a Sakkwato. Shi da maƙwabtansa na biyan hayar shago da kuɗin masu gadi da haraji, mu ba ma biya. In ya kai ni wurin dilansa sannan na dawo na janye masa kwastoma da ragin ɗari biyar, na ci amanarsa.

Laraba, 15 ga Janairu

Mun shafe makon nan muna haɗa littafin. Mun bi tsofaffin hirarrakin WhatsApp da alat ɗin banki na bara, muka jera su wata-wata a littafi mai bango mai ƙarfi: kwanan wata, irin kaya, kala, nawa muka saya, nawa muka sayar, da ko an biya nan take ko sai ƙarshen wata. Ya nuna cewa a watan da babu hidima muna fitar da turmi 20 zuwa 30, watan biki ko na sallah kuma ya ninka. Ya kuma nuna cewa kusan rabin cinikin atamfarmu anko ne, ba sayen ɗai-ɗai ba.

Duk mai shirin tunkarar dila, ina ganin daga nan ya kamata ta fara. "Ina da kwastomomi sosai" magana ce da kowa ke faɗa. Shafin da ke nuna abin da ya fita a Nuwamba da Disamba kuwa abu ne da mutum zai riƙe a hannu ya duba.

Litinin, 20 ga Janairu

Takardar rajistar sunan kasuwanci ta fito daga CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista. Ta intanet ake yi: a ba da sunaye biyu a duba wanda ba a riga an ɗauka ba, sai lambar NIN, hoto, sa hannu da adireshi. Gobe za mu kai banki a buɗe asusu da sunan kasuwancin, kuɗin ciniki su rabu da kuɗin cefane. Kawu ya ce a Kwari ba wanda zai tambaye ni wannan takarda. Kamfanoni ne ke tambaya.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun fara aika saƙo ga masu kaya da ba mu da wanda ya san su: masu shigo da mayafai da abaya a Kano, da wani kamfanin ɗinka hijabai a Legas. Saƙon da muka tsaya a kai gajere ne. Bayan sallama da gaisuwa:

"Sunana wance, daga Sakkwato. Ina sayar da atamfa da mayafai ta intanet, da rajistar CAC. A wata nakan fitar da mayafi kamar dozin biyu zuwa uku. Ina so in fara saro kaya a wurinku, kuɗi hannu. Don Allah mene ne mafi ƙarancin abin da kuke bayarwa a farashin sari, wa ke biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato, kuma in kaya sun zo da aibi yaya ake yi? Wane lokaci ya dace in kira?"

Ba mu roƙi ragi a ciki ba, ba mu kuma ba da labarin tsadar rayuwa ba, shi ma mai kayan a cikinta yake. Mun sa adadin da muke iya saye na gaskiya, ko da ya yi kaɗan, saboda wanda ya cika baki a saƙon farko oda ta biyu za ta tona shi. Rubutu kaɗai ba ya isa wurin 'yan kasuwarmu. Da yawansu sai an bi da saƙon murya ko kira, kuma da hantsi, kafin kasuwa ta cika.

Waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba. A cikinsu akwai wani shafi mai hotuna masu ɗaukar ido da farashin da ya yi araha fiye da hankali. Muka nemi a kira mu ta bidiyo daga cikin shagon, aka ce waya ta lalace. Muka nemi adireshi don ɗan'uwanmu da ke Kano ya leƙa, aka fara kwana-kwana. Sunan da ke kan asusun bankin ma daban yake da na shafin. Muka bar shi nan. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa tura kuɗin adashinta ga irin waɗannan, har yau shiru, shi ya sa ba na sassauci a wannan bincike.

Laraba, 29 ga Janairu

Ƙanwata ta matsa a gwada oda daga Sin ta shafukan sari na intanet, Alibaba ko 1688. Mun bincika, mun ajiye. Yau ce ma sabuwar shekararsu, masana'antu na hutu. Kayan jirgin ruwa sun fi wata a hanya, na jirgin sama kuma da kilo ake biya, atamfa ga nauyi. Ga ejan, ga canjin kuɗi, ga mafi ƙarancin oda da ya fi ƙarfin jarinmu. Sai wata shekarar in da rai.

Kamfanin Legas ya turo fom. Suna son lambar CAC, lambar haraji ta TIN, asusun banki na kasuwanci, da hoton gaban shago. A nan muka maƙale. Na rubuta musu cewa a gida muke ajiye kaya, na tura hoton kabad ɗin da muke jera su da shafinmu na Instagram, na tambaya ko suna da tsari ga masu sayarwa ta intanet. Muna jira.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Akwai abin da ya daɗe yana yi mini nauyi, yau na kai wa Malam bayan darasin Islamiyya. Yawancinmu hoton kayan wani muke sakawa. In kwastoma ta biya sannan mu ruga mu sayo. Malam ya kawo hadisin Hakimu bin Hizam, inda Annabi (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Ya ce mafita a bayyane take: ko dai ki mallaki kayan kafin ki ƙulla ciniki, ko mai kayan ya wakilta ki a kan la'ada sananniya, ko ki gaya wa mai saye gaskiya cewa za ki nemo mata ne, ciniki bai faɗa ba sai kaya sun zo hannu.

Wannan ya ƙara mini ƙaimi. Neman sari ba don riba kawai ba ne a wurina yanzu. Ina so abin da na saka a sitatus ya zama yana cikin kabad ɗina, na taɓa shi, na san ko yana zuba.

Talata, 11 ga Fabrairu, Kano

Jiya muka taso da Kawu da ƙanena bayan sallar asuba, ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe da Funtuwa. Direbobi ba sa son dare ya riske su a wannan hanya, kowa ya san dalili. Kuɗi na banki, ba mu ɗauko tsaba ba.

Da ɗan gari kan ci gari. Kwari gida-gida ce, layi-layi, kowane gida da irin kayansa, wanda bai sani ba zai wuni yana saye a hannun 'yan tebur yana zaton wurin dila yake. Kawu ya kutsa da mu ta wani lungu, 'yan dako na ta "hanya, hanya" da diloli, wato manyan ɗaurin atamfa, a ka, muka hau bene. Shagon ba shi da wani ado: atamfa jibge har rufi, benci ɗaya, Alhaji zaune da kalkuleta da wayoyi biyu, yaransa na yanke ɗaurin wata sabuwar dila, ƙamshin sabon zane ya cika wurin.

An daɗe ana gaisawa. Ya tambayi mutanen Sakkwato, ya tambayi hanya, aka kawo ruwa. Ban buɗe baki kan ciniki ba sai da Kawu ya ce, "Alhaji, wagga ɗiyata ta, ɗiyar ƙanwata. Abin duk da tac ci naka, ni ac ci."

Na miƙa littafin da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya riƙa buɗewa da babban yatsa yana bin layi. Ya tsaya a shafin Disamba.

"'Yata, wannan kala ɗaya har turmi goma sha takwas, me ya faru?"

Na ce ankon biki ne, Baba Alhaji.

"Kina samun irinsa da yawa?"

Na nuna masa sauran wuraren. Daga nan maganar ta sauya, ya ajiye kalkuleta ya juyo sosai.

Ya bayyana mini abin da ban taɓa ji daga bakin masu guruf ba. Dilar atamfa a haɗe take zuwa, zane ɗaya kala-kala, wata kalar ana rububinta, wata sai ta yi wata uku tana kallon mutum. Farashin sari na wanda ya ɗauka a haɗe ne. Mai son tsince masu kyau ya bar masa kwantai, to farashin tsinta zai biya, kuma wannan shi ne bambancin da muke ta biya ba mu san sunansa ba. Anko kuwa yana so, domin yana kwashe kala ɗaya da yawa a lokaci guda, kuma yakan jawo oda ta biyu daga waɗanda suka makara.

Sai ya kawo nasa ƙorafin kan masu sayarwa ta waya, kuma na ga ya dace a rubuta shi yadda ya faɗa. Wasu kan shigo su ɗauki hoton sabon zane ba su sayi ko ƙyalle ba, kafin la'asar hoton ya zaga gari, wani ya aika an kwaikwayo shi da yadi mara kyau. Wasu kan saka farashin da ko shi bai sayar a haka ba don su tara mabiya, sai tsofaffin kwastomominsa su kira shi suna faɗa. "Ni ba na tsoron mai ƙaramin jari," in ji shi. "Mai karya kasuwa nake tsoro."

Ga abin da muka tsayar. Zan fara da turmi 30 a haɗe, kuɗi hannu. Zai sa lambata cikin waɗanda yaronsa ke tura wa sababbin zane. In anko ya taso in kira shi kai tsaye, zai ware mini. Turmin da ya zo da aibi ana canzawa muddin ba a yanka ba, ba a wanke ba, kuma na sanar cikin kwana uku. Kuɗin mota nawa ne. Ba zan sayar ƙasa da farashin Babbar Kasuwa ba, ba zan saka hoton da ke nuna shagonsa ba. Bashi ba a ambata ba, ni ma ban ɗaga ba.

Na tura kuɗin, ya ga alat, yaron ya rubuta rasit. Bambancin da ke tsakanin wannan farashi da wanda muka saba saye ya biya kuɗin motarmu zuwa da dawowa, da saura.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kayan sun iso tasha ranar Asabar, da sunana da lambata a jikin buhun. Mun warware kowane turmi, mun auna yadi shida, mun duba inda bugu ya goce, mun jiƙa bakin ɗaya daga kowane zane mun murza a farin ƙyalle. Guda ɗaya ne ke da tabo a tsakiya. Na tura hoto a ranar, yaron Alhaji ya ce a haɗo shi da motar Kawu.

Hotuna da safe muke ɗauka a tsakar gida, cikin inuwa, domin hasken ƙwai yana sauya kala, kuma rabin rigimar kwastoma daga nan take tasowa. Kalolin da Alhaji ya ce suna da nauyin fita mun haɗa su da mayafin da ya dace da su, mun saka tare.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Muna ta hangen Kano da Legas, alhali akwai masu kaya a cikin garinmu. Wata kwastoma daga Abuja ta tambayi takalman fata da jakar hannu irin na Sakkwato, sai muka shiga wurin dukawan cikin gari. Fatar jar akuyar nan tamu, da ake jeme ta da bagaruwa, ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su.

A nan lissafin ya juya. Baduku ba ya tambayar wa ya san ki; jarin sayen fata ne ba shi da shi. Abin da yake so kafin alƙalami ne, da oda mai maimaituwa. Wani dattijo da muka zauna da shi ya ce in za mu ba da rabi a fara, mu cika in an gama, zai yi mana takalma ƙafa 12 a farashin da yake ba 'yan sari. Mu kuma muka roƙi abu biyu: lamba ta zama daidai da ta takalman kanti, don mai saye daga nesa ba ta gwadawa, kuma a faɗa mana ranar da za a iya cikawa, ba ranar da za ta faranta mana rai ba. Ya ce mako uku. Mun rubuta, kowa ya riƙe kwafi.

Jumma'a, 28 ga Fabrairu

An ga wata. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar gobe Asabar 1 ga Ramadan. Sarin farko ya kusa ƙarewa, mun tura kuɗin na biyu da safe. Allah ya sa mu dace.

Alhamis, 13 ga Maris

Oda ta uku ta tafi makon jiya, ita ma kuɗi hannu. Shekaranjiya da dare, bayan tarawihi, Alhaji ya kira da kansa. Ya ce sabuwar dila ta sauka, zai ƙara mini turmi 40 a kan abin da na biya, in kawo kuɗi bayan sallah.

Na yi godiya, na nemi ya ba ni zuwa safiya. Muka zauna da littafi. Atamfar sallah tana da wa'adi: teloli na rufe karɓar ɗinki tun wajen tsakiyar azumi, daga nan cinikin zane sai ya ja baya, mayafi da takalmi da kayan yara su karɓe kasuwa a goman ƙarshe. Turmi 40 a 12 ga wata, rabinsu za su kwana har bayan sallah, kuɗin mutane a ciki. Da safe na kira na ce, "Baba Alhaji, ashirin zan iya, kuma ina so a rubuta."

Ya ɗan yi shiru, ya ce madalla. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da sa shaidu ta sauka, amma a kasuwa sau da yawa kunya ke hana mu, sai an zo biya a fara "ba haka muka yi ba". Yaronsa ya rubuta adadi da farashi da ranar biya, 10 ga Afrilu, ya turo hoto. Na kwafe a littafina, Kawu ya sa hannu a matsayin shaida. Kuɗin duk turmin da ya fita daga cikin ashirin ɗin nan asusun kasuwanci yake shiga, ba a taɓa shi ko don sayen mayafi.

Laraba, 26 ga Maris

Zafi ya sauka sosai, ga azumi, aiki sai da dare. Takalman sun fito, an makara da kwana biyu amma ɗinkin ya yi kyau. Biyu lambarsu ta ɗan matse, dattijon ya karɓa zai sake. Na Abuja sun tafi ta tasha. Wani daga cikin masu mayafai na Kano da muka rubuta wa tun Janairu sai yanzu ya amsa, bayan ya ji sunan gidan da muke sari a Kwari. Mun ɗauki dozin biyu don gwaji.

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Ranar Alhamis da ta wuce na tura wa Alhaji kuɗinsa cif, mako guda kafin wa'adi, na kira Kawu na shaida masa ya soke sa hannunsa. Turmi bakwai suka rage a kabad, duka daga kalolin nan masu nauyi. Biyu daga ciki wata mai haɗa lefe ta ce a ajiye mata.

Kamfanin Legas ya amsa a ƙarshe: za su karɓi adireshin gida, amma mafi ƙarancin odarsu katan biyu ne, kuma a biya duka kafin a ɗora a mota. Ya fi ƙarfinmu mu kaɗai. Ƙanwata na magana da wasu mata biyu a Gawon Nama masu sayar da hijabai, ko za mu haɗa kuɗi a yi odar da sunan rajistarmu a raba. Sai mun zauna an rubuta rabon kowa da wanda zai ɗauki asara in kaya sun zo ba daidai ba. Babbar sallah farkon Yuni ake sa rai, akwai kuma anko biyu na bayan sallah da aka riga aka yi mana magana. Ranar Laraba zan tura wa Alhaji kalolin da amaren suka zaɓa, in ji ko zai iya ware turmi 25 na kowanne.